Okoge da Furen Tara ga Wata

Chichijima, 3 ga Afrilu

Zuwa ga Inna Tokue,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya gwiwa, ya sanyin Tsuruoka? Na san har yanzu ƙanƙara ba ta gama narkewa a bayan gidanki ba. Ni dai na sauka lafiya, bayan kwana guda cur a jirgin ruwa ina amai kamar zan fitar da hanjina. Asibitin da na zo aikin nas a cikinsa ƙarami ne, ɗakin da aka ba ni kuwa in na buɗe hannuwa ina taɓa bango biyu, kuma an hana ajiye dabba kamar yadda na gaya miki. Jirgi sau ɗaya yake zuwa tsibirin nan duk kwana shida, shi ke kawo wasiƙa, shi ke tafiya da ita. Waya kuma ba ta da amfani a wurinki, kunnen nan naki sai abin da ya ga dama yake ji, shi ya sa na ɗauki biro.

Inna, ban san da bakin da zan gode miki ba. Ke da Mama kakanninku ne kawai wa da ƙanwa, amma da ta rasu na rasa inda zan kai allon sunanta da magenta Okoge, ke kaɗai kika ce in kawo.

Ga abin da na manta ban yi miki bayani sosai ba. Okoge gashi gare ta kamar tunkiya, yanzu kuma lokacin zubarsa ne. Tana lasar jikinta tana haɗiye shi, ya taru a ciki ya cure, sai ta amayo. In kin ga wani abu dogo kamar ɗan yatsa a ƙasa kada ki tsorata, sau ɗaya ko biyu a wata ba komai ba ne. Ki riƙa taje ta kullum da burushin da na bari, abinci kaɗan-kaɗan sau uku, ruwa kuma kada ya yanke.

Na yi magana da mai shagon furen da ke kusa da tasha. Duk ranar tara ga wata, ranar da Mama ta cika, zai kawo miki furen kiku ki sa mata a butsudan, akwatin nan na tunawa da mamata, kusa da allon marigayi Baba maigidanki. Daga nan ko tsinken turare ba zan iya kunna mata ba. Wannan kaɗai ya rage min da zan yi mata.

In magen ta fi ƙarfinki ki faɗa min ba kunya, in nema mata wani gida.

'Yarki,
Itsuko


Tsuruoka, 21 ga Afrilu

Itsuko 'yata,

Wasiƙarki ta same ni lafiya, ban da gwiwa da rabonta da lafiya tun kafin a haife ki. Itatuwan ceri sun yi fure a bakin kogi har sun fara zubewa, ban je ba, wa zai zauna da gimbiya? Ki riƙa cin abinci sosai, kada in ji kin ce kifi ya gundure ki.

Wannan abu da kika bar min ba mage ba ce, uwar miji ce. Kwana uku ta yi a ƙarƙashin kabad tana harara ta. Rana ta huɗu ta fito ta zagaye gidan tana shinshine-shinshine, ta je gaban allon uwarki ta kwanta a kan matashin da nake zama in yi addu'a. Tun daga ranar nan ne wurinta, in zan kunna turare sai na ba ta haƙuri ta matsa. Halin uwarki Masae sak. Ita ma tun muna yara in ta zo hutu shimfiɗata take fara ƙwacewa.

Abin nan mai kama da ɗan yatsa na gan shi, da tafin ƙafa na fara ganinsa da sassafe. Ba ta ga katakon kicin ba, ba ta ga baranda ba, sai sabuwar tabarmar tatami. Na wanke ta tas da faɗa, ta juya min ƙeya. Taza kuwa kullum bayan karin kumallo, gashin da nake cirewa ya isa a saƙa wata magen. Da fari cizo ne da yakushi, yanzu da ta ga burushi sai ta baje ta miƙo haɓa.

Furenki ya iso ran tara, fari da rawaya, gwanin kyau. Na sa wa uwarki, na gaya mata daga wa yake.

Sai dai abu ɗaya. Daga sha ɗaya ga wata zuwa sha biyar ta yi amai sau huɗu, ba gashi a ciki, kumfa ce da ruwa-ruwa, ga yawu yana dalala. Yanzu ta daina, tana cin abinci kamar gara. Tambaya ce kawai nake yi, ba wai na damu ba.

Zancen wani gida kuma ki ajiye shi tukuna. Na riga na saya mata kwandon kwanciya, ko da yake ko kallonsa ba ta yi ba.

Innarki,
Tokue


Chichijima, 4 ga Mayu

Inna,

Ina gaida ke da ɗawainiya. Ni lafiyata ƙalau, har na yi baƙi don rana. Na yi dariyar tafin ƙafarki har abokiyar aikina ta leƙo ta ga ko lafiya.

Amma ƙarshen wasiƙar bai ba ni dariya ba. Amai huɗu cikin kwana biyar, ba gashi, ga dalalar yawu, wannan ba na curin gashi ba ne. Ki riƙa sa alama a kalanda duk ranar da ta yi, ki rubuta abin da ya fito. In ya sake dawowa, ko ta ƙi abinci yini guda, ko kika ga tana ta yunƙurin amai ba abin da ke fita, ko kashi ya tsaya mata, kada ki jira wasiƙata, ki kai ta wurin likitan dabbobi ranar. Gashi yakan toshe hanji, wannan kuma ba abin wasa ba ne.

Ki kuma faɗa min gaskiya, kina ba ta busasshen kifin nan naku mai gishiri ko madara? Na san ki, ba wanda zai zauna a gabanki ya kalle ki kina ci ki hana shi.

Ki yi haƙuri da yawan umarni, aikin ne ya ɓata ni. Shekarar Okoge goma sha ɗaya, kuma a cinyar Mama ta yi su duka. Na rasa Mama a watan Nuwamba, ba zan iya rasa wannan ma ba.

'Yarki,
Itsuko


Tsuruoka, 24 ga Mayu

Itsuko,

Muna lafiya. An fara dashen shinkafa, kwaɗi sun cika gari da surutu, wai, ni dai ba na jin su. Kifi mai gishiri sau ɗaya tak na ba ta, shi ma sata ta yi, kada ki ɗora min laifi.

Aman ya dawo ran goma ga wata. Ban jira ba, na sa ta a kwando na ƙunshe da babban ƙyalle na hau bas, tana ihu tun daga ƙofar gida har asibiti, ni kuma ina ta sunkuya wa fasinjoji ina ba su haƙuri. Likitan yaro ne mai hankali. Ya lalube cikinta ya ce ba toshewa, ya ɗebi jini, ya yi mata allura, ya kuma yi min tambayoyi a kan gidan kamar zai saye shi. Ya ce ba wata cuta ba ce a jikinta, in an kula zai wuce. Ya ba ni wani mai a kwalba mai taimaka wa gashi ya bi ta ƙasa, ina shafa mata a ƙafar gaba tana lashewa tana zagina.

Furen nan kuma, 'yata, kada ki ƙara wahalar da kanki. Uwarki ba mai son a yi mata hidima ba ce. Shinkafa da shayin da nake ajiye mata kowace safiya sun ishe ta, ki sallami mai shagon nan haka.

Na gwada rufe ɗakin butsudan don kada magen ta shiga. Yini ta yi tana kuka a bakin ƙofa, daga baya ta yage takardar da aka yi ƙofar da ita ta shige abinta. Na liƙe ta yage, na liƙe ta yage, sau uku. Na gaji na bar mata. 'Yan kwanakin nan akwai abin da ya yi min nauyi a rai, tsufa ne dai.

Innarki,
Tokue


Chichijima, 8 ga Yuni

Inna,

Barka da damina, da fatan gwiwa ba ta tashi da ruwan nan ba. Na ji daɗi da kika kai ta da wuri, sannu da shan kunyar bas.

Wai kada in wahalar da kaina! Inna ke nan. Ko ruwan sha aka miƙa miki sai kin ƙi sau uku kafin ki karɓa, haka Mama take, haka duk danginmu suke. Ba wahala a ciki ko kaɗan. Hasali ma wasiƙarki ce ta sa na ga na yi rowa, kiku kaɗai wata biyu. Na buga wa mai shagon waya, daga gobe zai haɗa da furen yuri, manyan fararen nan masu ƙamshi da Mama ke tsayawa kallo a bakin shago ta ce sun yi mata yawa. Yanzu dai ba ta da bakin ƙi.

Amma ba ki faɗa min abin da likitan ya gano ba. In an kula da me? Me sakamakon jinin ya nuna? Kuma me ya sa kike son hana ta shiga ɗakin, amai take yi a gaban Mama? Ki rubuto min maganarsa yadda ya faɗa, ko ba ki gane ba ni zan gane.

'Yarki,
Itsuko


Chichijima, 14 ga Yuli

Inna Tokue,

Da fatan kina lafiya, don ban da fatan ba ni da komai a hannu. Jirgi shida ke nan ina zuwa bakin ruwa ina dawowa ba wasiƙa. Ɗaya guguwa ce ta tsare shi, na ba ki uzuri, sauran biyar fa? Sau biyu na buga waya, kika daka min tsawa cewa lafiya lau, lafiya lau, kika kife.

Na ɗauko wasiƙarki ta ƙarshe na karanta ta fi sau goma, sai yanzu na ga abin da kike ta faɗa min ban ji ba. Kin ce kin gaji. Kin ce abu ya yi miki nauyi a rai. Ni kuma ina nan ina lissafo miki umarni kamar wata sabuwar ma'aikaciya. Tsohuwa mai shekara saba'in da shida, da ciwon gwiwa, na bar miki mage mara lafiya kina goge amai kina hawa bas, kunya kuma ta hana ki cewa in zo in ɗauki kayana. Son kai na yi, ki yafe min.

Na samo mafita. Yayar abokiyar aikina, Madam Onodera, tana zaune a Sendai, tana da mage biyu, kuma asibitin dabbobi yana bayan layinsu. Ta yarda ta karɓi Okoge. Za ta zo da mota ran uku ga Agusta da hantsi. Ki haɗa mata da burushin da kwalbar man, da kalandar da kike sa wa alama. Allon Mama zai zauna a wurinki in ba zai takura ki ba, fure kuma zai ci gaba da zuwa.

Ba sai kin ce komai ba, na gane.

'Yarki,
Itsuko


Tsuruoka, 22 ga Yuli

Itsuko,

Lafiyata ƙalau, ta Okoge ma ƙalau, gaisuwar ke nan ta yau. Ba ki gane komai ba, 'yar nan. Laifina ne, ki zauna ki ji.

Ranar da na kai ta asibiti, likitan ya tambaye ni ko akwai fure a gidan. Na ce akwai na uwarki. Ya sa na buɗe kalanda, muka duba tare, duk aman nan bayan tara ga wata yake farawa. Ashe in na fita lambu hawa take yi ta tauna ganyen kiku, ta sha ruwan kwalbar. Ya ce kiku amai yake sa mage, amma in gode da ba yuri ba ne, don shi kisa yake yi, ko garin nan nasa rawaya ya taɓa gashinta ta lashe, ƙoda ta tafi.

To ki faɗa min, da wane bakin zan rubuta miki wannan? Ke da kanki kika ce shi kaɗai ya rage miki da za ki yi wa uwarki. In ce miki furen da kike aiko mata shi ke neman kashe magenta? Na kasa. Na ce bari in lallaɓa in ce kada ki wahala, ke kuma kika ɗauka kara nake yi. Har kika rubuto cewa kin ƙara da yuri.

Furen ma ya riga wasiƙar isowa. Ran tara na buɗe ƙofa na ga mai shago rungume da su kamar jariri. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, na kulle Okoge a banɗaki, na ɗauke su ban ko shiga da su ciki ba, na taka har maƙabarta na jera wa maigidana a kabarinsa. Shekara goma sha ɗaya yana kwance bai taɓa ganin gata irin wannan ba, na san yana can yana mamakin abin da na aikata da nake neman gafara. Na dawo na cire kayan jikina a baranda na wanke hannu har gwiwar hannu. Haka na sake yi ran tara ga watan nan.

Wato wata biyu ke nan kwalbar uwarki ba komai a ciki. Kowace safiya ina ba ta haƙuri. Wasiƙa huɗu na rubuta miki, kowace da layin nan cewa fure ya yi kyau a gabanta, in na zo wurin sai in yage. Ƙarya na kasa aikowa, gaskiya ma na kasa, shi ne shirun.

Okoge kuwa tun da fure ya bar gidan sau ɗaya ta yi amai, shi ma curin gashi ne na gaskiya, dogo, har da kyansa. Ban taɓa zaton zan yi murna da irin wannan abu a kan tabarmata ba.

Yanzu ga abin da ban iya faɗa ba tun da nake, don ban saba roƙo ba. Kada matar Sendai ta zo. Ba ta gajiyar da ni ba. Tun da maigidana ya rasu ba wanda ya tarye ni a bakin ƙofa in na dawo daga kasuwa, ba wanda na yi wa faɗa, ba wanda na dafa wa komai. Ina son magen nan, Itsuko. In kin yi fushi da zancen furen ki yi, na cancanta, amma ki bar min ita.

Zan kai wannan gidan waya da kaina in ce su yi ta gaggawa. Saura kwana goma sha biyu.

Tokue


Chichijima, 30 ga Yuli

Innata,

Wasiƙarki ta iso a jirgin yau, jirgin zai juya, don haka a tsaye nake rubutu. A bayan asibiti na karanta ta, na yi kuka, na zo wurin Baba da gatansa na yi dariya da majina, na koma kuka. Ni ce nas, ni ce mai lissafo alamomin cuta, kuma ni ce na aika da guba har gida ina yabon kaina. Ke kika tsare ta daga hannuna, sannan kike neman gafarata?

Na buga wa Madam Onodera waya, ba za ta zo ba. Na buga wa mai shago, ba kiku, ba yuri. Daga yanzu ɗan tukunyar ciyawar sha'ir zai riƙa kawowa, irin wadda ake shuka wa mage, tana taimaka musu da gashin ciki. Ki sa wa Mama ita a mazaunin furen. Na san ta, da ta ga magenta na cin abu a gabanta ya fi mata furen duniya.

Okoge taki ce, Inna, ba aro ba. Ko na gama aikin nan ba zan ɗauke ta ba. In na yi kewarta zan zo, ki tanadar min shimfiɗa. Gaba kuma in na yi shirme ki faɗa min gatsal, ki daina yi min kara kamar baƙuwa.

'Yarki,
Itsuko


Tsuruoka, 16 ga Agusta

'Yata Itsuko,

Muna lafiya, zafi dai kamar a tukunya. Ran uku ga wata ban ɗaga labule ba sai bayan azahar, don wasiƙarki ba ta iso ba sai ran huɗu. Duk motar da ta wuce sai in leƙa ta kafar labule. Har na shirya abin da zan ce wa matar, cewa magen ta gudu, alhali tana cikin kabad ɗin shimfiɗu tana minshari. Kin ga abin da kika mai da ni da tsufana.

Ciyawar ta iso ran tara, kore shar. Na sa wa uwarki na karanta mata wasiƙarki duka, har wurin majinar.

Shekaranjiya malamin haikali ya zo addu'ar Obon, ta bikin tunawa da mamata, kamar yadda yake zagaya gidaje duk shekara. Ya zauna ya gyara riga, ya dubi butsudan, ya ga ciyawa a inda fure ya kamata, ya dube ni, ya fara karatu. Yana tsakiyar karatu sai ga gimbiya, ta ratsa ta gabansa ta ɗane, ta hau cin ciyawar ƙuras-ƙuras. Bawan Allah ya daure har ya kai ƙarshe, kafaɗunsa na rawa.

Da muna shan shayi ya ce shekara talatin yana wannan aiki bai taɓa ganin an ci hadaya ana cikin karatu ba. Na ce ai abin da aka ajiye wa mamaci 'yan gida ke cinyewa in an sauke, ita dai haƙurin jira ne ba ta da shi. Ya yi dariya ya shafa kanta, ya tambaye ni ko ita ce magen yarinyar nan da ke aiki a tsibiri.

Na ce masa, "A'a, tawa ce."

Ban taɓa faɗa wa kowa da bakina ba sai ranar. Ki zo da sabuwar shekara, ki same mu.

Innarki,
Tokue